Arzika Mai Wankin Katantanwa

Malam Hamidu na Illela ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban, Muhammadu Lawal, ya gaji buzu da littattafai da zauren karatu. Ƙaramin, Arzika, ya gaji tsawon uban da muryarsa da dogon hancinsa, amma abin da ke cikin kan tsohon ko ƙyas bai samu ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. An yi fama da shi a kan allo har gemu ya fara leƙo masa, da ƙyar da jiɓin goshi ya kai izifin Amma, daga nan uban ya gaji ya ce a bar shi ya bi kasuwa.

A kasuwa kuwa, a ba kowa haƙƙinsa, Arzika gwani ne. Dillali ne na gaske, yana kai da komo tsakanin Illela da Ƙonni tun ba a daɗe da jan layin da ya raba ƙasar Ingilishi da ta Faransa ba. Gwanintarsa ɗaya ce, gyaran kaya. A zube masa buhun albasa, kafin mai ita ya gama gaisawa ya ware manya gefe, matsakaita gefe, ruɓaɓɓu ya wurga bayan danga. Goro ya wanke ya jera, duwatsun wuya ya goge ya shirya su bisa launi. Kullum abin da yake faɗa shi ne kaya ba ya sayuwa da dauɗa. Da ya tsaya a nan, da ya mutu da mutuncinsa.

Amma akwai abin da ke cin sa a rai, kuma duk garin an sani: yana son a ce masa Malam. A gidan da ko baƙon da ya kwana ɗaya ana ce masa Malam, shi kaɗai ne Arzika Dillali. Idan an zauna a zaure bayan sallar Juma'a, wansa yana bisa buzu, malaman unguwa suna dama da hagu, shi kuwa wurinsa bakin ƙofa ne, inda ake tuɓe takalma. Har matarsa Zulaihatu ba ta kiransa Malam kamar yadda matan mutane ke kiran mazajensu. Ta taɓa gwadawa tana amarya, sai wan mijin ya amsa daga zaure, gida ya kwashe da dariya. Tun ran nan ta koma ce masa Maigida.

Ana nan, wani rani bayan shekarar fara, sai ga wani Bature ya sauka a Illela da jakuna da akwatuna. Ba Di'o ba ne, ba likita ba, ba ya ƙirga shanu, ba ya karɓar haraji. Laka ya zo nema. Kafin mako ya zagayo an raɗa masa suna Mai Laka, sunansa na gaskiya kuwa ba wanda ya damu ya riƙe. Kukunsa ne ya baza labarinsa a kasuwa. Wai a makarantarsu can Ingila akwai wani tsohon malami da ya kusa sauka daga kujerarsa, shi kuma Mai Laka kujerar yake hari, ba kuwa za a ba shi ba sai ya rubuta littafi. Abin da zai rubuta shi ne, wannan ƙasa tamu a zamanin da ba kakan da ya gani tafki ce, ta bushe, ruwa ya komo, ta sake bushewa. Akwai kuma wani Bafaranshe a Ƙonni, irinsa, wanda ya rantse sau ɗaya tak ruwan ya zauna ya tafi. Shekara da shekaru suna rubuce-rubucen ƙaryata juna, manyan mutane da gashin baki, a kan ruwan da ba wanda zai sha ko ya ba jakinsa.

Mai Laka ya ɗauki Maharazu mai haƙar rijiya, suka nufi wata busasshiyar fadama a hanyar Kalmalo. Maharazu yana haƙa, shi yana sauka cikin ramin da igiya yana duban bango. Ƙasar kuwa hawa-hawa take, yashi a sama, sai ja, sai baƙar laka cike da ƙananan katantanwa da ƙashin kifi, sai yashi kuma. Kowane hawa ya ɗiba ya zuba a 'yar jakar zane, ya ɗaure, ya maƙala mata 'yar takarda mai nuna zurfin da ta fito. Ranar da suka ratsa yashin nan na biyu suka sake tarar da baƙar laka da katantanwa a ƙarƙashinsa, Baturen ya fito daga rami yana tsalle. Maharazu ya ɗauka kunama ce ta harbe shi.

Arzika ya shiga harkar ne ta hanyar ƙwai da madara. Shi ke kawo wa kuku, shi ke samo leburori. To, Baturen ya koyi Hausarsa daga littafi, kuma littafin ya gaya masa duk mai babbar riga Malam ake ce masa. Ran farko da ya ga Arzika ya ɗaga hula ya ce, "Sannu, Malam Arzika." Haka yake ce wa kowa, har mai kiwon jakunansa idan ya sa rigar sallah. Amma Arzika bai ji na kowa ba, nasa ya ji. Ya koma gida yana tafiya kamar ƙasa ba ta ishe shi ba.

Daga ranar dillanci ya zama abin raini. Ya sayi rawani, ya naɗa shi har yana rufe masa kunne. Shi ne riƙe wa Bature laima a bakin rami, shi ne ɗaukar jakunkuna, shi ne yi wa leburori tsawar da ba a sa shi ba. Mai Laka mutum ne mai son magana, ga shi ba shi da abokin hira, sai ya riƙa yi wa Arzika bayani: wannan katantanwa ta ruwa mai zurfi ce, waccan ta bakin gaɓa, lakar nan kuma akwai ƙwayar ciyawa da garin furen itatuwa a cikinta waɗanda sai da madubin likita ake gani. Arzika yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne. Abin da ya shiga kunnen dama ta hagu yake fita, daidai yadda ya yi da allo. Da yamma ya zauna a rumfar masu goro ya ce shi da Bature sun gano kogi a ƙarƙashin Illela.

Wata rana ya ga Baturen cikin nishaɗi, sai ya roƙi abin da ya daɗe yana juyawa a ciki. Ba kuɗi ya nema ba. So yake idan aiki ya ƙare, Bature ya zo zauren gidansu ranar Juma'a, ya faɗa a gaban Malam Muhammadu Lawal da sauran malamai cewa Arzika ma malami ne, malamin sanin ƙasa. Mai Laka ya yi dariya ya ce wannan ai mai sauƙi ne, har sunansa zai sa a littafi. Shi ya faɗa ya manta. Arzika kuwa ya bi gida-gida ya sanar.

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ramin ya kai inda Mai Laka yake so, jakunkuna sun cika akwatuna. Maimakon ya ɗaure kayansa ya kama hanyar Sakkwato, sai son a sani ya motsa masa shi ma. Ya ce zai haye Ƙonni ya jawo Bafaranshen nan ya zo ya gani da idonsa, ran Juma'a za su iso tare. Bukkar da ya sauka tana yoyo, don haka ya sa aka kai akwatunan ɗakin soron Arzika. Ya ce masa kada ya bari kowa ya taɓa. Arzika ya dafa ƙirji.

Bature na juya baya ya buɗe akwati. Abin da ya gani ya ɓata masa rai ƙwarai. Jakunkuna sun yi dumu-dumu, laka ta daskare, katantanwa babba da ƙarama da fasasshiya duk a cakuɗe, har wani wari suke yi na tsohon tafki. Ga baƙo zai taso tun daga Ƙonni don ganin kaya. A duk shekarunsa na dillanci bai taɓa nuna wa mai saye kaya a haka ba, balle a ƙofar gidan ubansa, a gaban wansa. Zancen kada a taɓa kuwa, a ganinsa don ɓarayi da awaki aka yi shi. Bature yana da ilimi, amma bai san kasuwa ba, kuma dalilin da Allah ya haɗa shi da Arzika ke nan.

Ya sa Zulaihatu ta jawo ruwa ta kawo manyan ƙore. Ta tsaya da guga a hannu ta dube shi.

"Maigida, wagga amana ta. Kak ka kwance abin da ba kai kad ɗamre ba."

"Ke mi kinka sani ga aikin ilimi?" in ji shi. "Zubo ruwa."

Ta zuba. Ya zazzage jakunkuna duka a ƙwarya ɗaya, na sama da na ƙasa, ya cuɗa, ya tace da rariya, ya sake ɗaurayewa. Fasassun katantanwa ya watsa wa kaji. Ƙashin kifi ya ce ƙazanta ce, ya zubar a juji. Masu kyau ya goge su ɗaya-ɗaya da tsumma, ya ware manya, ya ware matsakaita, ya ware ƙanana. Jakunkunan ma ya ba da aka wanke da toka, 'yan takardun jikinsu suka narke a ruwa. Lakar da ta kwanta a gindin ƙwarya kuwa mai kyau ce, mai danƙo, Zulaihatu ta ga bai kamata a yi asararta ba, ta yaɓe tsagar rumbun gero da ita. Kwana biyu yana wannan aiki, bai taɓa yin aikin da ya ji daɗinsa haka ba.

Ran Alhamis da la'asar aka yi ruwan fari, mai ƙarfi. Fadama ta cika, bangon ramin Maharazu ya rufta, wurin ya shafe kwata-kwata kamar ba a taɓa sa masa sungumi ba. Manoma suka yi hamdala. Arzika ma ya yi, don ya riga ya kwashe shanyarsa.

Ran Juma'a bayan an sauko, zaure ya cika har waje, don duk wanda aka gaya wa ya zo da wanda ba a gaya wa ba. Turawan biyu suka iso bisa dawaki. Mai Laka fuskarsa ba walwala, ya riga ya biya ta fadama ya ga ramin, amma ya ce ba komai tunda jakunkuna suna nan. Ya ce a fito da akwatuna. Arzika ya shiga gida da rawaninsa, ya fito da faya-fayai uku, ya jera su a kan sabuwar tabarma. Katantanwa fara ƙal tana walƙiya, kowane faifai kai ɗaya, ba wadda ta fi wata. Ya ja da baya ya harɗe hannu yana jiran yabo.

Mai Laka ya daɗe yana kallon faya-fayan. Ya tambayi ina jakunkuna, aka miƙo masa su a ninke, tas. Ya tambayi ina laka. Arzika ya nuna masa rumbu ta saman katanga, ga sabon yaɓe baƙi a gefensa yana bushewa. Baturen bai yi tsawa ba, bai ɗaga bulala ba. Zama ya yi a ƙasa, a cikin takalman mutane. Bafaranshen ya durƙusa ya ɗauki katantanwa guda, ya juya ta, ya ce da Hausarsa ta Ƙonni lalle kaya sun yi kyau, amma wace ce ta fito daga sama, wace ce daga ƙasa? Ya ciro hankici ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Har lokacin Arzika bai gane ba. Yana ta duban fuskoki yana cewa ai ba wadda ta ɓata sai fasassu. Malam Muhammadu Lawal bai taɓa ɗaukar aikin Baturen da muhimmanci ba, a wurinsa tonon laka wasan yara ne, amma ya saurari tambayar Bafaranshe ya fahimta sarai. Ya jawo gafakarsa ya zaro littafin da ubansu ya kwafa da hannunsa. Irin littattafan nan ne da ba a ɗinkewa, warƙa bisa warƙa, wasu sun yi baƙi don taɓawa, wasu gefensu ya cinye. Ya ɗora a cinya ya kira ƙanensa.

"Arzika, in na ba ka littahinga ajiya, ka ware warƙoƙi masu haske wuri guda, masu dauɗa wuri guda, ka yad da yagaggu, ka wanke tawada don takarda ta yi hwari, mi kab bar min?"

Arzika ya dubi littafin, ya dubi faya-fayan.

"To shi na kay yi ma baƙonka. Tashi ka ba shi haƙuri, ka kwashe abinga daga ƙohwar gidan tsoho."

A nan ne ya gane, a tsaye, a gaban duk wanda ya gayyato da bakinsa. Kunya ta rufe shi har ya ji rawanin ya yi masa nauyi. Ya durƙusa yana tattara faya-fayai, faifan ƙanana ya kife, mutane suka riƙa ɗage ƙafa.

Mai Laka ya bar Illela da zazzaɓi a jikinsa, bai sake dawowa ba. An ce kujerar wani aka ba. Bafaranshen ya rubuta nasa littafin ya ce ruwa sau ɗaya ya zauna, ba kuwa don ya fi gaskiya ba, sai don abin da zai ƙaryata shi yana jikin rumbun Zulaihatu. Haka nasu ilimin yake, wanda kayansa suka isa gida shi ne mai gaskiya. Arzika kuma ya sami abin da ya nema, da ƙari. Kafin magaribar Juma'ar nan duk Illela ana ce masa Malam Mai Wanki, har Ƙonni sunan ya haye ba tare da an tsayar da shi a kan iyaka ba. Mata idan za su aiki 'ya'yansu rafi sai su ce a wanke tas, irin na Malam. Ya cire rawani ya koma kan buhun albasa, wurinsa a zaure yana nan inda yake.

Sai dai wani abu ya same shi wanda ba wanda ya zata. Duk bayanin da Baturen ya yi masa a bakin rami yana gyaɗa kan banza, bayan abin ya lalace sai ya riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya zama ko'ina ya ji ana haƙar rijiya, a Garu ne ko a ina, sai ya bar kasuwa ya je ya tsuguna a baki yana duban bango, yana roƙon a ɗebo masa kowane hawa daban. So yake ya sake ganin baƙar laka biyun nan ko sau ɗaya, ya nuna wa wansa. Masu haƙa su yi masa dariya su ce sabulu ya ƙare ne? Rijiyoyin kuma ba a fadama ake yin su ba, bai taɓa dacewa ba. Idan ya ce ruwa sau biyu ya zauna a ƙasar nan, shi ya gani da idonsa, sai a ce to Malam, kawo shaida, ko ita ma an wanke? Haka ya tsufa, ƙafa ta ƙi, ya daina zuwa ko'ina.

Wata Juma'a, shi da wansa duk sun yi furfura, sai ga Maharazu ya yi sallama a zaure, ya rankwafa shi ma, riƙe da 'yar ƙwarya an rufe ta da faifai. Ya wuce malamai ya zo bakin ƙofa ya durƙusa gaban Arzika. Ya ce 'ya'yansa ne suka yi wata rijiya a Darna Sabon Gari, a gefen fadama, suka ci karo da abin nan har hawa biyu, da yashi a tsakani, kamar dai na zamanin Mai Laka. Shi ne ya tuna da mai su.

"Ga su, Malam," ya ce. Bai ƙara komai a bayan sunan ba, ba kuma dariya a fuskarsa. Muhammadu Lawal ya ɗago kai daga littafi.

Arzika ya ɗage faifan. Katantanwa ce fara ƙal, ba ɗigon laka.

"Maharazu, waɗanne na na bisa, waɗanne na na ƙasa?"

"Ai duk ɗaya na, Malam. Haɗe su munka yi, matata Hadijatu tas sa hannu ta wanke. Ƙaƙa za mu kawo ma babban mutum laka?"

Arzika ya tambayi rijiyar, ko za a iya ɗaukarsa a jaki ya je ya ga bangon. Maharazu ya ce an riga an ɗaure ta da dutse tun daga ƙasa har baki, mutane ma sun fara sha.

Arzika ya yi godiya, ya sa albarka, don mutumin da alheri ya zo. Ya ɗora ƙwaryar a cinya yana kallo. Can sai ya lura yatsunsa sun fara aikinsu, suna tura manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Ya janye hannun ya cusa cikin riga, ya bar shi a can har aka tashi.